Abin da Kifin Norwe Ke Ci: Daga Lofoten Zuwa Tromso

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan kifi a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san busasshen kan kifin nan mai taurin tsiya, baki a wangale, wanda 'yan'uwanmu Ibo ke kira okporoko. A tsibiran Lofoten da ke arewacin Norwe na ga wurin da ake sare kawunan. Farkon watan Afrilu ne. Mun hau jirgin ruwan da ke bin gaɓar ƙasar daga garin Bodo, ni da wani tsohon ɗalibina da ke digiri na uku a jami'ar Tromso, muka sauka Svolvaer bayan isha. Da safe muka kama hanyar Henningsvaer, ƙauyen masunta da aka dasa bisa 'yan tsibirai, gadoji suka haɗa su da juna. Duk inda ido ya kai katakai ne a kakkafe, wasu sun fi soro tsayi, an rataye musu kifin kod bibbiyu a ɗaure ta wutsiya. Ba gishiri, ba hayaƙi. Iska da sanyi kaɗai ke aikin, daga Fabrairu zuwa wajen Yuni, har kifin ya zubar da kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinsa. Mafi kyawunsa Italiya yake tafiya. Kawunan kuma a zarge su a igiya dami-dami, su bushe, a danna su a buhu sai Legas. Kafin nan yaran garin sun riga sun yanke harsunan, don a can sana'ar yara ce tun kaka da kakanni. Na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba tana soka kan kifi a wani tsinin ƙarfe, ta zare harshen da wuƙa, ta jefa kan gefe ta ɗauko wani, ko kallon hannunta ba ta yi.

Ni dai na shagala da ɗaukar hoto. Ɗalibin nawa ya ce, "Malam, ka rage wa wayar caji. Wanda ya tara duk wannan yana cikin ruwan can, kuma bai kai milimita huɗu ba."

Abin da ya kawo ni ƙasar ke nan. Ina koyar da kiwon kifi, ina kuma da ɗan wurin ƙyanƙyasar tarwaɗa a bayan gida. Shi kuwa falankiton yake nazari, wato ƙananan halittun da igiyar ruwa ke yawo da su ba da shawararsu ba. Akwai na tsiro, masu rayuwa da hasken rana, akwai na dabba, masu cin na tsiron. Na dabbar ne sana'arsa. A tekunan arewa sarkinsu guda ne, wani ɗan ƙwaro dangin jatan lande da masana ke kira Calanus finmarchicus, mu dai mu ce masa kalanus. Wani bishop na garin Trondheim, Johan Ernst Gunnerus, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1770.

Kod ɗin da ke rataye a Lofoten baƙo ne. A Tekun Barents yake girma, can arewa, sai ya kai shekara bakwai ko fiye ya yo tafiyar da kan kai kilomita 1,000 zuwa nan don ya saki ƙwai, tsakanin Janairu da Afrilu. A da masana na ɗauka ƙwan kifin teku duk ƙasa yake kwanciya, sai a shekarun 1860 da gwamnati ta turo wani matashi, Georg Ossian Sars, ya zauna cikin masuntan nan ya tabbatar da cewa ƙwan kod yawo yake a saman ruwa. Bayan kamar mako uku ya ƙyanƙyashe. Ɗan kifin kan fito da guzurin gwaiduwa manne a cikinsa, wanda da ƙyar zai kai shi mako guda da 'yan kwanaki. Daga nan dole ya ci, kuma abin da ya fi dacewa da ɗan bakin nasa shi ne jariran kalanus. Duk mai ƙyanƙyasar tarwaɗa ya san wannan gaɓa, ba sai an karanta masa littafi ba: kwana uku gwaiduwa ta ƙare, in ba ka tanadi atimiya, 'yan mitsi-mitsin dangin jatan landen nan da ake ƙyanƙyashewa don ciyar da jariran kifi, ko ƙwarin ruwa masu rai ba, ka wayi gari ƙasan bahon ya yi fari da gawa. Ni ina da gwangwanin atimiya a firji. Ɗan kod ba shi da kowa sai dacewar lokaci. Johan Hjort, wanda ya jagoranci binciken kifi na Norwe, ya kawo wannan ra'ayi tun 1914, cewa yawan kifin da za a kama bayan shekaru a 'yan kwanakin nan ake yanke shi. In jariran kalanus sun fito daidai da 'ya'yan kod, shekara ta yi albarka. In sun saɓa da mako biyu ko uku, sai a sa rai baɗi.

Daga Svolvaer muka sake hawa jirgin gaɓa, ya kwana yana ratsa mashigai. Stokmarknes da Sortland duk cikin barci muka wuce su, gari ya waye mana a Harstad, muka iso Tromso bayan azahar. Garin yana kan tsibiri, kusan kilomita 350 arewa da da'irar Aktik, layin taswirar da ya zagaye ƙuryar arewacin duniya. Dusar ƙanƙara na nan jibge a gefen titi, amma rana ta riga ta fara nawar faɗuwa. Daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli ba ta faɗuwa sam, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu kuma ba ta leƙowa. A masallacin Alnor na tambayi yadda ake salla da azumi a irin waɗannan watanni, aka ce lokacin Makka ake bi. Tsadar abinci kuwa kada ma a tayar da maganar. Garin kwaki da ƙuli-ƙulin da uwargida ta cusa mini a jaka ina gunaguni sun yi mini rana.

Ranar fita teku aka ba ni wata riga mai haɗe da wando, ja, mai kaurin gaske, irin wadda in mutum ya faɗa ruwa za ta riƙe shi a sama, da hular kwano da takalmin roba. Ƙaramin jirgin bincike ne. Muka nufi Balsfjord, wani dogon mashigin teku da ya kutsa tsakanin duwatsu kudu da Tromso, inda zurfi ya kusa mita 190. Ruwan bai kai digiri biyar ba. Mai faɗa a ji a kan dandamalin jirgin wata dattijuwa ce ma'aikaciyar ɗakin gwaji, gajeriya, mara yawan magana. Kowa sunanta yake kira gatsal, har yaran da ta yi jika da su, ita ma haka take kiran farfesa. Ni bakina ya kasa. Madam na yi ta ce mata, tana murmushi tana ƙyale ni.

Ragar da ake kamun ba ta da wani kwarjini. Zoben ƙarfe ne mai faɗin santimita 56, wato bakinsa rubu'in murabba'in mita ke nan, an ɗinka masa doguwar jaka ta farin yadi mai tsukewa zuwa ƙasa, a ƙarshenta an ɗaura kofin roba. Ramukan yadin milimita 0.18 ne. WP2 ake ce mata, kuma ita ɗin dai jiragen Norwe ke jefawa shekara da shekaru, da gangan, don abin da aka auna bana ya iya zama kusa da na shekara talatin baya a gwada su. Aka ɗaura mata nauyi, inji ya yi ta sakin waya har ta kusa taɓa ƙasa, sannan aka fara jawo ta sama sannu a hankali, rabin mita a daƙiƙa. Minti shida ne kacal, amma a iskar nan sun isa yatsu su daina jin magana.

Da ta fito jikinta ya yi kore-kore mai ruwan ƙasa, ga yauƙi, ga wani ƙarni. Dattijuwar ta yamutsa fuska don ta san wankin da ke jiranta. Ɗalibina kuwa murna ya yi, domin yauƙin nan falankiton na tsiro ne, alamar ruwa ya fara toho. Aka bi ragar da mesa ta waje, daga sama zuwa ƙasa, don komai ya gangara cikin kofin, aka kwance shi aka juye a farin bokiti.

A tsaye ban ga komai ba sai gurɓataccen ruwa. Da na durƙusa na kai fuska kusa, sai ga bokitin gaba ɗaya motsi yake. Ɗaruruwan 'yan halittu ne masu jiki garai-garai, da ɗan ja a ƙahoni da wajen wutsiya. Kowanne ya shimfiɗa dogayen ƙahoninsa biyu dama da hagu ya tsaya cak yana nutsewa kaɗan-kaɗan, sai ya yi wuf ya ɓace, ya ɓullo a wani gefen. A tsakaninsu akwai kiril, wasu ƙananan dangin jatan lande masu baƙaƙen idanu tulu-tulu, suna zagaya bangon bokitin ba hutu. Akwai kuma wasu siraran tsutsotsi miƙaƙƙu masu ƙugiyoyi a ka, waɗanda ke farautar kalanus ɗin. Na zuƙo guda da bututun gilashi muka ɗora shi a na'urar ƙara girman abu. Ana ganin cikinsa tar. Hanjinsa kore shar da abin da ya ci da safen nan, 'yar zuciyarsa na karkarwa, kuma a tsawon bayansa ga wata siririyar jaka mai sheƙi, da sauran mai a ciki.

"Wannan ta kusa cinye nata," in ji ɗalibina. "Ka zo a watan Agusta, Malam, ka ga jakar ta cika jikin."

A kan jakar nan komai ya rataya. Kalanus kan ƙyanƙyashe a Afrilu da Mayu, kuma sai ya sake fata sau goma sha ɗaya kafin ya balaga. Yawancinsu ba sa ƙarasawa a shekarar. Sai su tsaya a matakin kusa da ƙarshe, su ci, su ci, suna mayar da abincin mai, har man ya kai rabin busasshen nauyinsu ko fiye. Wajen Yuli da Agusta sai su nutse. A tsakiyar Tekun Norwe suna sauka mita 600 zuwa 1,500, wasu ma fiye, cikin ruwan da sanyinsa ke dab da sifili, inda babu haske kuma masu farautarsu ba su da yawa. Su daina ci, su daina kai-kawo, su yi rabin shekara ko fiye a haka suna lasar man kaɗan-kaɗan. Ƙarshen hunturu su farka, su balaga, su yi barbara, su hauro, matan su fara sakin ƙwai gommai a rana daidai lokacin da ruwa ke toho. Ɗan abu mai milimita uku ya yi tafiyar kilomita guda a tsaye, sau biyu a rayuwarsa, da guzurin da ya tara da kansa. Igiyar ruwa kuma ta kwaso su zuwa gaɓar Lofoten da cikin Tekun Barents. A ƙarshen Afrilu da Mayu sukan yi dandazo a saman ruwa har tauraron ɗan'adam ya hango jan. Masu bincike na Tromso sun nuna a 2019 cewa irin wannan dandazo kan rufe fiye da murabba'in kilomita 1,000.

Nan ne shawa da titus da wani ɗan kifi mai suna kafelin ke samun ƙibarsu. Titus ɗin Norwe da ke isowa gidajen sanyi na Kano a kwali, man da yake saki a tukunya rabonsa mai tsoka man kalanus ne da ya canza gida.

Da muka koma ɗakin gwaji aka shiga aikin da ba wanda ke ɗauka a hoto. Aka zuba kamun a wani akwatin roba mai shamaki a tsakiya, aka jijjiga, aka karkata shi ya rabu gida biyu daidai wa daida. Rabi aka zuba masa fomalin, maganin da ke hana abu ruɓewa, na ƙidaya ke nan. Ɗaya rabin aka tace shi ta rariya uku, mai ramin milimita 2, da mai 1, da mai 0.18, aka kankare kowane kashi a ɗan farantin alminiyam da aka riga aka auna, aka sa a tanda mai zafin digiri 60 da ɗoriya ya kwana ya bushe. Na nauyi ke nan. Na ce, Madam, me ya kawo wahala biyu? Ba ta amsa ba. Kujera ta jawo ta nuna mini, ta miƙo allura da abin danna ƙidaya.

Kafin awa ta cika na samu amsata, tare da ciwon wuya. Wanda ya fi yawa a farantin ba kalanus ba ne. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu suna Oithona, ba su kai milimita ɗaya ba, duk inda ka kai allura su ne. In ƙuri'a za a kaɗa, sun lashe zaɓe. In sikeli za a hau, kalanus guda ya rinjayi gommai da yawa daga cikinsu. Shi ya sa ake ba da lissafi biyu, guda nawa ne a ƙarƙashin kowane murabba'in mita na saman teku, kuma giram nawa ne. Kifi bai iya ƙirga ba. Abin da zai cika masa ciki yake bi.

A bangon ɗakin akwai taswirar Tekun Barents cike da ɗige-ɗige a jere, kowane ɗigo tashar jefa raga ce. Faɗin tekun kusan murabba'in kilomita miliyan 1.4 ne, matsakaicin zurfinsa mita 230. Duk Agusta da Satumba jiragen Cibiyar Binciken Teku ta Norwe, mai hedikwata a Bergen, da na takwararta ta Rasha da ke Murmansk sukan raba shi tsakaninsu, su bi shi tasha-tasha. A yawancin shekaru matsakaicin abin da ake samu yana kaiwa da komowa tsakanin giram 5 da 10 na busasshen nauyi a murabba'in mita, galibi wajen 7. Giram bakwai abin raini ne a kunne. Na buga shi da faɗin tekun a wayata, ya ba ni kusan tan miliyan 10, kuma wannan bayan an ƙone ruwan jikinsu ne. Haɗin gwiwar nan da Rasha tsohuwa ce. Tun tsakiyar shekarun 1970, ana tsakiyar Yaƙin Cacar Baka, Norwe da Tarayyar Sobiyet ta wancan lokacin suka kafa hukumar kifi ta haɗaka. Bayan 2022 Norwe ta yanke yawancin hulɗarta da Rasha, amma ta bar wannan ƙofa a buɗe, don kod ɗin da ya girma a ruwan Rasha shi ne ke zuwa Lofoten.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar shi ne yadda ake karanta giram bakwai ɗin nan. Ragar watan Satumba ragowa take kamawa, abin da ya saura bayan kifi ya gama kiwon shekara. Saboda haka ƙarancinsa ba lallai ne alamar yunwa ba, yawansa ma ba lallai ne alamar wadata ba. Shekarar da kafelin ya yi yawa, falankiton kan ragu a arewacin tekun, don an cinye. Shekarar da kafelin ya karye, falankiton ya yi sama. Ya karye a tsakiyar shekarun 1980, ya sake karyewa wajen 1993, da kuma 2003. Na farkon ne ya fi muni. Ƙananan shawa sun cika tekun suna cinye 'ya'yan kafelin, ga kamun masunta a kai. Kod ya rame har ya koma cin 'ya'yansa. Tsuntsayen teku masu nutso suka mutu da yunwa a hunturun 1986 zuwa 1987. Dabbobin nan masu kitse da ake kira sil suka baro ƙanƙara suka kwararo gaɓar Norwe neman abinci, dubun dubata suka shaƙe a komar masunta a 1987 da 1988. A daidai wannan lokacin ragar falankiton da nauyi take fitowa. A 1994 ma, tsakiyar karyewa ta biyu, ta haura giram 10. Wanda aka miƙa wa wannan lamba ita kaɗai a ofis zai rantse teku na cikin ni'ima, alhali mai ɗauko abincin daga ƙasa ya kai wa manya ne ya ɓace. Na yi shekaru ina karɓar rahotannin ɗalibai masu teburin lambobi ba tare da labarin ruwan ba, kuma tun daga ranar na ƙara tsanani a kai.

Washegari dattijuwar ta sauko da 'yan kwalabe uku daga kanta ta jera mini a gaban taga. Ashe kalanus ɗin ma uku ne a wannan yanki. Na farko shi ne wanda muka kamo, ɗan ruwan Atilantika, milimita 2 zuwa 4. Na biyu, glacialis, ya kai milimita 5, yana zaune inda teku ke daskarewa, kuma yana fara kiwo a kan gansakukar da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙanƙara kafin ruwa ya buɗe. Na uku, hyperboreus, ƙato ne a cikinsu, ya doshi milimita 8, gidansa zurfafan Tekun Girinlan, yana iya shekara uku ko huɗu a duniya. Bambancin tsayin kaɗan ne a ido, amma a mai ba kaɗan ba ne. Ana ƙiyasta na biyu ya ninka na farko kusan sau goma, na uku kuwa sau ashirin da biyar.

Wanda wannan ya fi shafa wani ɗan tsuntsu ne baƙi da fari, nauyinsa wajen giram 160, da ke sheƙa a gangaren duwatsun tsibiran Svalbard, can arewa da Norwe, dubbai bisa dubbai. Nutso yake yi yana tsintar kalanus, ya tara a wata jaka da ke maƙogwaronsa ya kai wa ɗansa. Arewacin Tekun Barents na cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya, kuma nan ne ƙanƙarar hunturu ta fi ja da baya a duk yankin Aktik. Ruwan Atilantika na ƙara kutsawa arewa, yana tafe da ƙaramin kalanus. Tsuntsun sai ya ƙara nutso, ko ya ƙara nisa, kafin ya tara man da a da yake samu a ƙofar gida. A wajen shan shayi na ji gardama a kan haka. Wasu sun ce asara ce tsagwaronta. Wasu sun ce a yi hattara, ƙaramin a shekara ɗaya yake gama rayuwarsa ya hayayyafa, manyan kuwa sai sun yi biyu ko fiye, don haka jimillar man da teku ke samarwa ba lallai ta ragu ba. A ganina duka biyun suna da gaskiya, sai dai kowa da wanda yake wa magana. Shawa da ke buɗe baki ta tace ruwa ba ruwanta da girman ɗaya-ɗaya. Tsuntsun da ke tsinta da baki kuwa girman ne rayuwarsa.

An riga an ga irin wannan canji a kudu, a Tekun Arewa da ke tsakanin Birtaniya da Norwe. Wani Bature ɗan Ingila, Alister Hardy, ya ƙirƙiro wani akwatin ƙarfe da jiragen 'yan kasuwa ke ja a bayansu tun 1931, da ƙyallen siliki a ciki yana naɗewa yana tace ruwa, kuma har yau ana jan sa. Tarin ƙyallayen nan ne suka nuna cewa daga shekarun 1960 zuwa ƙarshen ƙarnin, falankiton masu son ɗumi sun matsa arewa da kusan kilomita 1,000. Kalanus ɗinmu ya ragu ƙwarai a can, wani ɗan'uwansa mai suna helgolandicus ya maye gurbinsa. Kamarsu ɗaya, sai gwani ke raba su a na'ura. Amma shi baƙon mansa bai kai ba, kuma a ƙarshen shekara yake yawaita, lokacin da 'ya'yan kod sun riga sun wuce gaɓar da suke buƙatarsa. Kod ɗin Tekun Arewa, da kamu ya riga ya gajiyar, ya sha wuyar farfaɗowa.

Ɗalibina ya taɓa bin babban jirgi zuwa Svalbard a watan Janairu, cikin daren da ba ya wayewa, kuma labarin da ya ba ni a hanyar komawa masauki ya fi na rana daɗi. A da ana ɗauka komai barci yake a wannan lokaci. Sai ayarin Farfesa Jorgen Berge na jami'ar Tromso suka nuna a 2009 cewa ko a tsakiyar duhun akwai falankiton da ke hawa da sauka kullum, suna bin ɗan hasken da idon mutum ba ya gani. A 2016 aka ƙara gano cewa in rana ta ɓace gaba ɗaya wata suke bi. Duk daren sha huɗu sai su nutse zuwa wajen mita 50, su ɓuya daga masu farauta da farin wata. Fitilun jirgi ma kan firgita halittun ruwa har zurfin mita 200. Saboda haka in za a ɗebi samfuri sai a kashe kowace fitila, a rufe tagogi, mutane su yi ta laluben igiya a kan dandamali mai santsin ƙanƙara. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, ni Afrilun ma ta ishe ni.

Yanzu kuma mutum ya shiga layin masu cin kalanus. Akwai kamfani a Tromso da ke jan raga mai ƙananan ramuka a hankali a bayan jirgi, ya kwaso shi, ya tatse man ya zuba a ƙwayoyin magani, sauran ya shiga abincin kifi. A 2019 gwamnatin Norwe ta buɗe kamun a hukumance, ta yanke tan 254,000 a shekara, bisa ƙiyasin cewa akwai kusan tan miliyan 33 a Tekun Norwe. Tan 3,000 kacal aka yarda a kama kusa da gaɓa, sauran sai can cikin teku. Abin da ake kamawa a zahiri bai taka kara ya karya ba, ko kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka yarda bai kai ba. Duk da haka ƙananan masuntan gaɓa ba sa so ko kaɗan. Wani tsoho da muka tarar yana gyaran koma a tashar jiragen Tromso, da ya ji abin da ɗalibina ke karantawa, sai ya ajiye allurarsa ya yi ta faɗa cikin harshensu yana nuna teku. Fassarar da aka ba ni gajeriya ce: a bar wa kifi abincinsa.

A takarda tsohon ba shi da hujja, don 254,000 cikin miliyan 33 bai cika kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma ni na fi karkata gare shi, a kan kamun kusa da gaɓa dai. Mai raga ba ya warwatsa kamunsa a faɗin teku. Inda jan ya yi dandazo yake zuwa, a watannin da ya yi dandazon, kuma nan ne ƙwai da 'ya'yan kod da na shawa suke shawagi a cikin ruwa ɗaya. Ragar da ta riƙe ɗan abu mai milimita uku ba za ta saki ɗan kifi mai milimita biyar ba. Hukuma ta san da haka, shi ya sa ta tura mafi yawan kason can nesa, ta kuma sa ido a kan abin da ke biyo kamun.

Ana gobe zan taso muka leƙa wani kantin magani a babban titin garin don in ga man da idona. Ƙwayoyi ne ja wur a 'yar kwalba. Na juya ta na ga farashin, na buga shi da naira a zuci, na mayar da ita inda na ɗauko. Muka shiga kantin abinci da ke gefe muka sayi gwangwanin titus cikin tumatir, irin wanda 'yan Norwe ke shafa wa burodi da safe, ɗalibina ya juye mana shi a dafa-duka.